Darasi na 14: Baƙo a Maraɗi da abin da yake bukata

Daga Katsina zuwa Maraɗi tafiyar ba ta kai kilomita 100 ba. Mota takan bi ta Jibiya, ta tsaya a Magama inda jami'an Najeriya suke, ta ƙara tsayawa a Ɗan Isa wurin jami'an Nijar, daga nan sai gari. Wanda ya tashi da hantsi zai iya samun azahar a can, in shingayen hanya ba su riƙe shi ba. Da ya sauka Hausa zai ji ko'ina, tuwo da fura zai gani, sallama kuma irin ta gida za a yi masa. Ba abin mamaki ba ne. Sarakunan Katsina da jihadi ya tasa wajajen 1807 su suka kafa mulki a Maraɗi, har yau kuma Sarkin Katsinan Maraɗi ake ce wa mai sarautar garin. Da wuya ka sami tsohon gida a can da ba shi da dangi a Katsina ko Daura ko Kano.

Wannan kusanci shi yake ruɗin matafiyi. Sai mutum ya ɗauka Funtuwa zai je, ya sa hula ya fita ba shiri. Harshe ɗaya ne, addini ɗaya, amma duk abin da ya shafi hukuma daban yake: kuɗi, takardu, layin waya, asibiti, har ramin da ake soka cajar waya a bango. Ingila ce ta mulki Najeriya, Faransa ta mulki Nijar, kowace ta bar tsarinta. A wannan darasi za mu bi waɗannan abubuwa yadda baƙo zai gamu da su, ko fatauci ya kai shi, ko biki, ko gaisuwar rasuwa.

Kafin a bar gida

Takarda biyu ce ba a tafiya babu su. Ta farko shaidar ko kai wane ne, wato fasfo ko takardar tafiye-tafiye da hukumar shige da fice take bayarwa. Shekara da shekaru ƴan ƙasashen ECOWAS suna shiga ƙasashen juna ba biza. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 an rufe iyaka, ba a buɗe ba sai a Maris na 2024, sannan a ranar 29 ga Janairun 2025 Nijar ta fice daga ƙungiyar tare da Mali da Burkina Faso. Tun daga nan ƙa'idar bakin iyaka takan sauya. Saboda haka kada ka dogara da labarin wanda ya je bara. Tambayi direban da ya dawo a makon nan, ko ka leƙa ƙaramin ofishin jakadancin Nijar da ke Kano.

Ta biyu ita ce katin rigakafin shawara, mai ruwan ɗorawa. Allurar sau ɗaya ake yi, tun 2016 kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce katin ba ya tsufa, na har abada ne. Sai dai ba ya fara aiki sai bayan kwana 10 da yin allurar, don haka ba ranar tafiya ake nemansa ba. Akwai masu sayen katin a bayan fage ba tare da an yi musu allura ba. Wannan cutar kai ce, domin sauron da ke ɗauke da shawara ba ya duba kati.

Ka ɗauki hoton takardun nan a wayarka, ka kuma bar kwafi a gida. Ka yi tafiyar da rana, gama yankin Jibiya da na Madarumfa sun sha fama da ƴan bindiga. Kuma ko wane ne ya ba ka ƙunshi a tasha ya ce ka miƙa wa wani a can, kada ka karɓa sai an kwance ka gani. In kwastan ko duwan, wato kwastan na Nijar, suka sami haramtaccen abu, wanda yake riƙe da shi za su kama.

Masauki

Tun kafin a san otal a ƙasar Hausa akwai mai masauki. Falke ya iso gari da jakuna ko raƙuma, ya nufi gidan fatoma, wato mai masauki, a ba shi ɗaki a zaure, a ɗaure masa dabbobi, a kawo ruwa da abinci. Mai gidan ne zai ajiye masa kuɗi, ya haɗa shi da dillali, ya tsaya masa in za a ba shi kaya bashi, ya raka shi gaban alƙali in rigima ta taso. Ba a biyan kuɗin ɗaki. Ladan mai masauki yana cikin la'adar cinikin da aka yi ta hannunsa da tsarabar da baƙo yake kawowa. Da wannan tsari Hausawa suka yi fataucin goro har Gwanja, da shi aka kafa zango a Kumasi da unguwar Sabo a Ibadan. A Maraɗi ma bai mutu ba. Yawancin ƴan kasuwar da ke zuwa sarin wake ko aya ko dabbobi gidan abokin ciniki suke sauka.

A ganina, ga wanda zai fara zuwa, babu otal da ya kai mai masauki amfani. Otal ɗaki kawai zai ba ka. Mai masauki shi zai ce maka wancan ɗan canji amintacce ne, wancan kuwa ka bar shi, kuma shi zai tashi tsakar dare ya kai ka asibiti. In jami'i ya tare ka ya ce wurin wa ka zo, sunan mutumin da aka sani a unguwa ya fi doguwar magana. Don haka kafin ka tashi ka nemi wanda zai haɗa ka da wani a can, ka rubuta sunansa da lambarsa da unguwarsa a takarda, ba a waya kaɗai ba, don waya tana mutuwa. Sanin unguwa yana da muhimmanci domin garin kashi biyu ne a tarihi. Tsohuwar Maraɗi a kwarin gulbi take, ambaliyar 1945 ta cinye ta, aka dawo da mutane kan tudu aka yanka tituna a miƙe. Unguwanni irin su Bagalam da Limanci da Ƴandaka da Maradawa da Ɗan Gulbi sunayensu tun na tsohon gari ne. Zariya da Ali Ɗan Tsoho daga baya suka bunƙasa. In ka ce wa mai babur Zariya, ba ta Zazzau zai ɗauka ba.

Sauka a gidan mutum tana da haƙƙi. Ka faɗi kwana nawa za ka yi tun ranar da ka zo, kada ka bari a yi ta lissafi a zuci. Ka zo da tsaraba daidai ƙarfinka. Ka dawo gida kafin a rufe ƙofa, in za ka yi dare ka sanar. Mace baƙuwa cikin gida take sauka wurin uwargida, ita ma ta san cewa ruwan da take wanka da shi wataƙila saye aka yi daga ƴan garuwa.

Wanda ba shi da kowa sai otal ko gidan saukar baƙi. Akwai su iri-iri, daga tsofaffi sanannu kamar Jangwarzo zuwa ƙanana na cikin unguwa. Da ka shiga za a miƙo maka takarda ka cike: suna, ƙasa, lambar fasfo, inda ka fito, inda za ka. Ta ƴan sanda ce, doka ce, kada ka ɗauka tuhuma ce. Da Faransanci take zuwa. Gaskiya ne a 2025 an ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa a Nijar, amma takardun ofis har yanzu Faransanci ya fi yawa a cikinsu. In ba ka gane ba, ka ce ma'aikacin ya karanta maka da Hausa kafin ka sa hannu. Farashin ɗaki biyu ne, mai fanka da mai na'urar sanyi. Kafin ka biya ka shiga ka gani da idonka: ka murɗa famfo, ka duba makulli, ka tambaya ko akwai gidan sauro, ko suna ta da janareto in an ɗauke wuta. Ka karɓi rasit.

Akwai masauki na uku da mutanen Najeriya ba su saba da shi ba. Kamfanonin manyan motocin safa na Nijar, irin su Rimbo da STM, kowanne da tasharsa mai katanga. Ana yankar tikiti da suna, mota kuma da lokacinta take tashi, sau da yawa kafin asuba, ba sai ta cika ba. Saboda haka fasinja sukan kwana a tashar, akwai rumfa da tabarmi da banɗaki da wurin salla. Wanda zai wuce Yamai, tafiyar da ta haura kilomita 600, ko Damagaram da ta haura 200, zai iya kwana a nan bai biya kuɗin ɗaki ba. Jakarsa dai ta zama matashin kansa.

Kuɗi da lissafin dala

A nan ne baƙi suka fi shan kunya, don haka za mu daɗe a kai. Kuɗin Nijar sefa ne, wanda ƙasashe 8 na yammacin Afirka suke amfani da shi, ciki har da Benin da Togo da Senegal. An ɗaure shi da kuɗin Turai: yuro 1 daidai yake da sefa 655.957, ba ya motsi. Naira ce take hawa da sauka, shi ya sa canjin jiya ba lalle ya zama na yau ba. Takardun kuɗin su ne 500 da 1,000 da 2,000 da 5,000 da 10,000, sauran ƙarfe ne. A lura, sefar Chadi da Kamaru daban ce. Darajarsu ɗaya amma mai shago a Maraɗi ba zai karɓe ta ba.

Abin da ke rubuce a jikin kuɗin ba shi ake faɗa da baki ba. A kasuwa da dala ake lissafi, dala 1 kuwa sefa 5 ce. Ƙarfen da aka rubuta wa 25 dala biyar ne, mai 50 dala goma, mai 100 dala ashirin. Takardar 500 dala ɗari ce. In an kai 1,000 sai a ce jika guda, 5,000 jika biyar, 10,000 jika goma, miliyan ɗaya kuwa jika dubu. Mai saye da mai sayarwa ba sa ma ambaton kalmar dala, adadin kawai suke faɗa. Ku karanta wannan hira biyu-biyu. Farashin na misali ne.

Baƙo: Salamu alaikum. Mai shayi, haɗa mini shayi da burodi. Nawa ke nan?

Mai shayi: Amin, alaikumus salam, Alhaji. Shayi arba'in, burodi talatin. Saba'in ke nan.

Baƙo: Saba'in kacal? To ga ɗari, riƙe canjin.

Mai shayi: Alhaji, wagga ai dala ashirin ta. Saura hamsin. Hala daga Najeriya kuke?

Baƙo: Daga Kano, ɗana. Yi haƙuri, nuna mini wanda zan ƙara.

Me ya faru? Mai shayi ya ce saba'in, yana nufin dala 70, wato sefa 350. Alhaji ya ba da ƙarfe mai lamba 100, wanda dala 20 ne kawai. Saura dala 50, sefa 250. Ƙa'idar ita ce: abin da aka faɗa maka da baki, ninka shi sau 5, shi ne abin da za ka ƙirga a rubuce. Abin da ka gani a rubuce, raba shi gida 5, shi za ka faɗa da baki. A kan shayi abin dariya ne. A kan buhu 50 na wake ba dariya ba ce, ana iya ɓata da abokin ciniki a kan rashin fahimta. In cinikin babba ne, a rubuta adadin a takarda ko a danna shi a waya kowa ya gani kafin a ce albarka ko a sallama. A banki da kantin magani da otal kuwa, lambar da ke rubuce ita ake bi.

Ƴan canji suna nan a Jibiya da bakin iyaka da kewayen babbar kasuwar Maraɗi. Ka canza kaɗan a iyaka don kuɗin mota da ruwa, sauran ka bari sai ka shiga gari ka ji farashi wurin mutum biyu ko uku. Ka ƙirga a gaban mai canjin, ka nemi ƙananan kuɗi a ciki, domin mai babur ba zai sami canjin jika goma ba. Wasu ƴan kasuwa suna karɓar naira, amma a farashin da suka ga dama. Kada ka dogara da katin bankinka na gida, na'ura tana iya ƙin sa. Da yawa daga ƴan canji suna da asusu a bankunan Najeriya, ka tura musu naira su ba ka sefa a hannu. Hanya ce mai sauƙi, amma amana ce zalla, kada ka yi ta da wanda mai masaukinka bai sani ba. Aika kuɗi daga gari zuwa gari a cikin Nijar kuwa, kamfanoni irin su Nita da Amana da Al Izza suke yi. Ka kai kuɗi da katin shaida, a ba ka lamba, ka faɗa wa mai karɓa.

Babbar kasuwa kullum tana buɗe, amma Litinin da Juma'a ne take cika. Kafin ka sari kaya ka tambayi abin da aka yarda a fitar. A Oktoban 2024, alal misali, gwamnatin Nijar ta hana fitar da hatsi irin su gero da dawa zuwa ƙasashen waje, in ban da Mali da Burkina Faso.

Waya da wuta

Layinka na gida zai riƙa kamawa har kusa da iyaka, daga nan ya ɗauke ko ya koma cin kuɗi da yawa. In za ka wuce kwana biyu, sayen layin can ya fi araha. Akwai Airtel da Moov da Zamani da Niger Telecoms, ana yin rajista da katin shaida. Lambar waya a Nijar ƙwaya 8 ce. Mai kiranka daga gida zai fara da +227, kai kuma in za ka kira gida ka fara da +234 ka cire sifirin farko. WhatsApp ɗinka ba zai canza ba ko ka sa sabon layi.

Ramin wuta a bangon Nijar mai baki biyu ne zagayayyu, irin na Faransa. Caja mai ƙafa uku ta Najeriya ba ta shiga, sai da mahaɗi, ana sayar da shi a kasuwa da araha. Kamfanin wuta NIGELEC ne, kaso mai yawa na wutar Maraɗi kuma daga Najeriya yake zuwa ta layin Katsina. A watannin zafi ana ɗaukewa, don haka ka yi caji lokacin da ka samu. Agogo dai ba sai ka gyara ba, lokaci ɗaya ne.

Ci da sha da lafiya

Abinci ba zai ba ka wahala ba. Ga tuwo, ga shinkafa da wake, ga dambu da zogale wanda ake kira kopto, ga kilishi, ga dogon burodi irin na Faransa da safe. Ka ci inda ake dafawa a gabanka da zafinsa. Ruwa ka sha na leda ko na gora da ba a ɓalle ba, musamman da damina. A Afrilu da Mayu zafi yakan haura digiri 40, lokacin sanƙarau ke nan, a guji kwana cikin cunkoso a ɗaki marar taga. Daga Yuli zuwa Oktoba kuwa zazzaɓin sauro ne, gidan sauro ya zama cikin kayanka.

In ciwo ya kama ka, mutanen can likita suke ce wa asibitin kansa, za ka ji an ce mu tafi likita. Akwai ƙananan asibitocin unguwa da ake kira CSI, akwai babban asibitin jiha da asibitin ƙwararru. Ana biya kafin a duba ka, magani kuma a rubuta maka ka saya a kantin magani. Da dare da ranar hutu kantunan magani karɓa-karɓa suke yi, waɗanda ke bakin aiki ana liƙa sunayensu a ƙofar sauran. Mai hawan jini ko ciwon suga ya zo da maganinsa wadatacce cikin kwalinsa. Sunan kamfani yakan bambanta, amma in mai kanti ya ga kwalin zai gane sinadarin. Maganin da ake tallarsa a faranti cikin rana, a bar shi. Lambar ƴan sanda 17 ce, ta ƴan kwana-kwana 18.

Yawo cikin gari da kabu-kabu ake yi, wato ɗan acaɓa, ko da adaidaita sahu. Ku shirya kuɗi kafin ka hau, da dala. Katin shaidarka ya kasance a aljihu kullum, domin ana iya tambaya ko'ina. Kada ka ɗauki hoton barikin soja ko shingen jami'an tsaro ko ginin gwamnati. In kana da hulɗa da ofis, ka je da safe, ranar Juma'a rabin wuni suke yi. In takardunka suka ɓace, ka fara kai rahoto ofishin ƴan sanda a ba ka shaida, domin ofishin jakadancin Najeriya yana can Yamai.

Aiki

1. Mai kilishi ya ce maka ɗari da hamsin. Sefa nawa za ka ƙirga masa?

2. An rubuta 750 a jikin kwalin magani. Dala nawa ke nan?

3. A ce ɗaki jika bakwai da rabi ne a kwana. Ka kwana 3, ka ba da takardar 10,000 guda uku. Nawa ne canjinka, a rubuce da kuma a baki?

4. Rubuta gajeren saƙo zuwa ga mai masaukinka: ranar da za ka iso, abin da ya kawo ka, da kwanakin da za ka yi.

A cikin ajin nan da wuya a rasa wanda ya taɓa zuwa Maraɗi ko Damagaram ko Ƙonni. In akwai mai ragowar sefa a gida, ya zo da ita mako mai zuwa, ƙarfe da takarda, kowa ya riƙe ya faɗi sunanta da dala kafin mu shiga darasi na 15.